Shekarar da Muka Hau Bene

A unguwar da aka kai ni aure a Gumel, wata yana da hanyarsa kamar yadda shanu suke da burtali, kuma ba mai tare ta. Unguwar a bakin gari take ta yamma, a kan ɗan gangare. Gidanmu yana layin ƙarshe. Bayanmu babu wani gida sai gonaki, bayan gonakin kuma wani tudun yashi mai gawo jefi-jefi da kuka guda a kansa. A saman tudun nan jinjirin wata yake fitowa, kuma ta gefen kukar hanyar Ɗanzomo ta bi, garin da aka haife ni. Tun zamanin kakanni aka yi doka cewa duk wanda gidansa yake layin yamma, kada gininsa ya wuce inda hannun namiji zai kai in ya miƙe tsaye ya ɗaga. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ka kuskura ka ƙara tubali, kafin laka ta bushe mai unguwa ya iso da sandarsa.

Maza ba su da asara ko an tare, su da suke fita fili su duba. Dokar tamu ce, mu matan da muke cikin kulle. Ran duban wata, da rana ta yi ja, kowace sai ta kife turmi a gindin katanga ta hau. Sai ka ga kawuna sun jeru gida-gida, ɗankwali ja, ɗankwali kore, ana ɗaga wa juna hannu ana tambayar ya yara. Maza duk suna fili, ba wanda za a leƙa.

Ni kam ba na jiran ranar wata. Kusan kullum da yamma ina kan turmi. Ganin gida sai shekara ta zagayo, wani lokaci ma ta wuce, don haka hanyar nan ita ce rabona da garinmu. In na hango masu jakuna suna komawa daga kasuwa, sai in ce wancan mai farar riga tafiyarsa irin ta kawuna ce, waccan mai ƙwarya lalle 'yar unguwarmu ce. Ƙarya nake yi wa kaina, don daga nesa kowa ɗigo ne. Amma ina sauka da sanyi a zuciya, in tuƙa tuwona ina waƙa.

Maigidana direba ne tun asali. Bayan shekarar fari, lokacin da naira tana sabuwa a hannun mutane, ya shiga kai shanu kudu daga kasuwar Maigatari. Allah ya buɗa masa. Ya yi motarsa ta kansa, ya ƙara wata, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare da sabon suna. Tun daga nan ba ya dariya da baki a rufe. Mutumin kirki ne, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, amma Allah ya yi shi da son a gan shi. Ko hula ya saya sai ya zaga tasha da ita kafin ya shigo gida.

Wata rana yana cin dambu, ya ɗago kai ya ce, "'Yar Ɗanzomo, bene zan yi."

Na ce, "Bene, Alhaji? A ina?"

"Nan inda akuyoyinki suke. Bulo da siminti, irin na Kano. Wanda ya sauka a tasha ya hango shi."

Wurin akuyoyin kuwa shi ne gindin katangar yamma, inda nake kife turmi. Ko kaɗan ban damu ba. Lissafin da na yi a take shi ne, in daga kan turmi ina hango kuka, to daga kan bene me zan hango? Ai Ɗanzomo kanta. Rumbunan babana. Wataƙila har in ga babata tana sheƙa gero. Ban san lokacin da na ajiye butar da ke hannuna na taka rawa a tsakar gida ba. Alhaji ya yi ta ƙyalƙyala dariya, haƙori yana walƙiya, yana cewa, "Ke, a hankali, ba a ma yarda ba tukuna." Da gari ya waye har akuyoyin sai da na gaya wa su shirya ƙaura.

Ba shi kaɗai yake so ba. Telan da ke maƙwabtaka da mu yana so, wani ma'aikacin En'e, hukumar sarki, yana so, duk wanda aljihunsa ya yi nauyi a layin yamma yana so. Hujjarsu ɗaya ce: yanzu akwai rediyo. In an ga wata a ko'ina, kafin a idar da sallar isha an faɗa, to mene ne na hana mutane gini saboda mata su hau turmi? Suka yi ta zarya zauren mai unguwa. Shi kuma ya saurare su ya saurare su, ya ce, "Duk na ji. Amma sai na ji ta bakin Inna."

Inna mahaifiyar mai unguwa ce. Gidanta yana jikin namu ta gabas, akwai 'yar ƙofa tsakaninmu da mata suke bi. Tsohuwa ce 'yar ƙanƙanuwa, ba haƙori ko ɗaya, amma ido kamar na shaho. Tun kafin a haife ni ita ce take fara ganin wata a unguwar. Mazan da ke fili suna can suna murza ido suna nuna tauraro, sai su ji guɗar Inna daga cikin gari, sai kowa ya ce alhamdulillahi. Ba ta da wani abin taƙama da ya wuce wannan, kuma ba ta wasa da shi.

Da aka kai mata maganar, ta ce, "Rediyo ido gare shi? Akwatin da in dutsensa ya mutu sai ya yi shiru? Ku gaya wa ɗan nan, in ya yarda aka tare mini yamma, ya nemi wata uwar."

Nan na ɗaura ɗamara. Ban taɓa yi wa wani aiki hidima kamar yadda na yi wa wannan ba. Na dama fura da nono mai kyau na kai mata. Na kai goro daushe, na daka mata shi a ɗan turmi tunda ba abin tauna. Turaren da Alhaji ya kawo mini daga Makka, wanda ko ni sai ranar Juma'a nake taɓawa, na juye mata rabi. Ina yi mata kitso ina zuba.

"Inna, ai ba tare miki za a yi ba, ɗaga ki za a yi. Yanzu unguwarmu kaɗai kike riga. In kika hau sama, duk Gumel sai kin riga su."

"Uhm."

"Ki buɗe taga haka, ki zauna a kan kujera, ba hawa turmi, ba ciwon gwiwa. In kika rangaɗa guɗa daga can, wallahi har mutanen Maigatari sai sun ajiye ciniki."

Ta juyo da kai, na kusa tsinka kitson. "Har Maigatari, 'yar nan?"

"Har Faransa ma, Inna, in iska ta yi kyau." Haka muke kiran ƙasar Nijar a lokacin.

Ta motsa baki. Can ta ce, "Kuma ni zan fara hawa?"

"Ko ni ba zan taka ba sai da ke."

Ba yaudararta nake yi ba, abin da na gaskata nake faɗa. Da irin wannan zaƙin bakin na bi sauran matan unguwa, na yi wa kowace alkawarin taga. Matar tela, wata doguwa mai jiki wadda in ta yi dariya sai kaji sun watse, ta ce ita tagar kudu take so, ta ga ko da gaske mijinta shago yake zuwa.

Ranar da maza suka zauna, ban iya cin abinci ba. Alhaji ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya ce, "An yarda."

"Haka kawai?"

"Da ɗan sharaɗi, amma na maza ne, ba ruwanki."

Ban tsaya tambayar sharaɗin ba. Wa yake ta sharaɗi? Na rangaɗa guɗa, na ji matar tela ta karɓa ta kan katanga, wata ta karɓa daga can, har Inna ta rufe da tata siririya. Wannan zaman shi ya buɗe ƙofa, yau in ka je layin nan benaye ne daga farko har ƙarshe. Amma namu ne na fari, kuma ko yanzu in na faɗi haka sai na ji kaina ya ɗan kumbura.

Aka fara gini da rani. Aka kafa zana tsakanin magina da ɓangaren mata, ni kuma na yi wa zanar 'yar huda daidai idona. Aikina ya zama biyu, girki da leƙe, kuma girkin ne ya sha wuya. Na ƙona wake, na zuba gishiri a kunu, na bar tuwo ya kama har sai da aka kankare tukunya da wuƙa. Alhaji bai ko lura ba, shi ma hankalinsa yana sama. Da aka zuba kankare aka rufe ɗakin ƙasa, katangar yamma ta tafi, tudu ya ɓace, kuka ta ɓace, hanyar garinmu ta ɓace. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na ce da kaina haƙuri ne na ɗan lokaci.

Sai siminti ya yi wuya a ƙasa, aiki ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa. A hankali dai bangon ɗakin sama ya fara hawa. Matar tela ce ta fara lura. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ƙawata, ni fa ban ga taga ba."

Na yi mata dariya. A garinmu, da ma duk inda na sani, ɗakin laka ake ginawa a gama, sannan mai ɗaki ya zo ya nuna inda yake so, a sa gatari a huda masa taga. Wa ya taɓa gina rami? Muka kai wa Inna maganar, ta ce, "Yaran zamani da gaggawa. Ai taga a ƙarshe ake huda ta." Shi ke nan magana ta mutu. Har na zaɓi inda nake so a huda tawa, daidai ƙirjina in ina zaune.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tashi, ana ta shafe da fenti. Wata safiya na sa ido a hudar zana, sai ga tagogi a jikin ɗakin sama. Marufan katako, kore shar, a rufe, kowane da ɗan ado a samansa. Na ce lalle jiya da nake wanki aka huda. Na ruga na kira matar tela, muka tsaya muna kallo muna tafawa kamar yara. Alhaji ya sa wa ƙofar matakala kwaɗo, ya ce kada a taɓa sai fenti ya bushe, ya ɗauki shanu ya yi kudu da makullin a aljihu.

Azumin shekarar a ƙarshen damina ya faɗo. Alhaji ya dawo ranar duban wata da azahar, ya yi wanka, ya sa babbar riga. Zai fita fili na tare shi a zaure na miƙa hannu. Ya ce, "Oho, makulli," ya jefa mini, ya fice yana sauri don ya tsaya inda mutane za su riƙa nuna benen suna tambayar na wane ne.

Kowace mace a unguwar ta nemi izinin zuwa ganin sabon ɗaki. Suka shigo ta 'yar ƙofar Inna, an ci ado kamar ranar suna: atamfa, kwalli, jan baki, awarwaro yana ƙara. Inna ta sa baƙin zanenta na saƙi wanda sai da babban dalili yake fitowa daga adaka. Na buɗe kwaɗo.

To fa, ga matakala, ga mata. A cikinmu babu wadda ta taɓa hawa abin da ya wuce turmi. Inna ta dube ta daga ƙasa har sama ta ce, "Bisimillahi," ta cire takalmi, ta kama hawa da hannu da ƙafa. Ganin haka kowa ta cire takalmi ta durƙusa. Ka ga manyan mata da ado suna rarrafe a jere, mai goyo da goyonta, ana salati ana dariya. Wata ta kai tsakiya ta waiga, ta ce ita jiri take ji, a bar ta a nan ta mutu. Matar tela da ke bayanta ta ce, "Ki mutu a sama, kin tare hanya," ta sa kafaɗa ta tura ta. Ni ina bayan Inna ina riƙe da gefen zanenta, dariya ta hana ni numfashi.

Muka shiga ɗakin sama. Fili ne fetal, ba gado ba kujera, sai warin fenti da duhu-duhu. Na ce, "Ku dakata in buɗe taga." Na nufi bangon yamma da hannu a miƙe. Na shafa, bango. Na matsa gefe na shafa, bango. Matar tela ta bi kudu tana lalube, wata ta bi arewa. Muka zagaye ɗakin nan da tafin hannu muka haɗu a inda muka fara. Babu taga ko ɗaya. Marufan nan kore da muka yi ta tafa wa, a jikin bango aka kafa su da ƙusa ta waje, don wanda ya hango daga tasha ya ce bene ne irin na Kano. Abin da yake akwai kawai wasu 'yan hudoji ne na shan iska, can kusa da rufi, kowace ba ta fi faifai ba.

Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, bayanta kuma wani baƙin ciki mai zafi ya taso. Ashe sharaɗin ke nan, na maza, wanda ba ruwana. An yarda a yi bene, amma kada a yi tagar da ido zai kai, don kada a leƙa gidajen mutane. Na tare wa matan unguwa yamma, na tare wa kaina, na kawo su cikin akwati da kwalliya. Ban iya duban Inna ba.

Ita kuwa ba ni take duba ba. Ta hudar yamma wani jan haske ya shigo ya kwanta a bangon gabas, shi take kallo. Ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ku ɗaga ni."

Muka dubi juna.

"Kurame ne ku? Rana tana faɗuwa. Ke doguwa, durƙusa."

Matar tela ta durƙusa. Muka ɗora Inna a wuyanta, ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta miƙe da ita a hankali, mu kuma mun kewaye su da hannuwa a sama kada tsohuwar mutane ta faɗo mu shiga uku. Inna ta kama bakin hudar da yatsu, ta cusa fuska. Ba mai motsi. Jaririn da ke bayan wata ya fara ƙananan kuka, uwar ta toshe masa baki da nono. Matar tela tana nishi tana cewa, "Inna, wuyana." Inna ta ce, "Yi mini shiru."

Sai ta ja numfashi ta rangaɗa.

Ban taɓa jin guɗa irin wannan ba. Ɗaki rufe, bangon siminti, ta buga nan ta buga can ta dawo cikin kunnuwanmu, sauran ta fice ta hudar ta bazu a kan gonaki. Muka ɗauka gaba ɗaya. Wadda ta ce za ta mutu a matakala ita ta fi kowa tsalle. Aka sauke Inna tana haki tana dariya da dasashi, tana cewa, "Ga shi can siriri, a kwance! Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Wallahi da hannuna ya fita da na taɓa shi!"

Sai kowa ta ce ita ma sai ta gani. Aka shiga layi. Wannan ta hau wuyan waccan, waccan ta hau bayan wannan, ɗankwali yana faɗuwa, awarwaro yana tsinkewa. Duk wadda ta leƙa sai ta sauko da labari. "Na ga gonarmu!" "Na ga maza a fili, 'yan mitsi-mitsi, duk sun juyo suna kallon nan!" Da aka zo kan matar tela, mu da yawa muka taru muka ɗaga ta, muka zube tare da ita a ƙasa, muka tashi muka sake.

Ni ce mai gida. A gidanmu an koya mini ba a riga baƙo cin abinci, ba a riga shi zama, balle a riga shi abin da aka gayyato shi dominsa. Don haka na ba da wuyana, na ba da bayana, ina ta cewa, "Hau, yaya, hau, ai ni ina nan." Raina yana wajen hudar, amma bakina yana ta yi wa mutane bisimilla. Jinjirin wata kuwa ba ya jira. Kafin layi ya zo kaina an kira magariba an idar, hadari ya taso daga gabas ya rufe sama. Matar tela ta ce, "Saura ke, ƙawata," ta durƙusa da sauran ƙarfinta. Na hau, na sa fuska. Iska mai ƙanshin ruwa da ɗanyen gero ta buge ni. Ban ga komai ba sai duhu.

"Kin gani?" suka tambaya daga ƙasa.

Na ce, "Ya faɗa." Kuma da dariya na faɗa, don na riga na shirya: da hantsi zan hau da kujera da akwati, in ɗora wannan kan wancan, in kalli hanyar garinmu har wuyana ya gaji. Saukowa ma wani biki ne, kowa da zama ta sauko, tana jan jiki daga hawa zuwa hawa, atamfofi duk suka kwashe ƙurar siminti.

Da safe na nemi makulli inda na rataye shi, babu. Alhaji yana zaune a bakin ɗakinsa, yau bakin a rufe. Ashe lokacin da guɗar Inna ta sauko musu daga sama, duk mazan da ke fili sun bar wata sun juyo suna kallon benenmu. Mai unguwa ya gane muryar uwarsa, ya sunkuyar da kai. Bayan salla suka tsare Alhaji a ƙofar masallaci. Suka tuna masa a gaban liman ya yi alkawari cewa ido ba zai leƙa daga benen nan ba. Wani ya ce in yau mata ne suka leƙa, gobe wa ya san wanda zai leƙa?

Na ce, "Alhaji, me ya sa ba ka gaya mini babu taga ba?"

"Ni bene na ce zan yi. Kin tambaye ni taga?"

"To me za a yi da benen da ba a gani daga cikinsa?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ai ana ganinsa daga tasha."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, da bakin azumi kuwa. Na ce ya ba ni makulli ko na ɗan lokaci ne, in leƙa sau ɗaya a rufe. Na roƙe shi da girman iyayensa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar Ɗanzomo, alkawari na yi a gaban mutane. In aka ga fuska a hudar nan yau, da wane ido zan shiga masallaci?" Ina jin tausayina a muryarsa, amma bai sa hannu a aljihu ba. Kafin rana ta take, magini ya iso da tsani. Ya kafa wa kowace huda guntun kwano a karkace ta waje, iska ta shiga ta ƙasa, wanda ya leƙa kuma ya ga kwano. Ina ɗaki ina jin bugun gudumarsa, na yi kukana na share.

Da la'asar na bi 'yar ƙofa na shiga wajen Inna. Inuwar benenmu ta riga ta rufe tsakar gidanta. Tana zaune a tabarma tana jan carbi, azumi bai rage mata komai ba, har yanzu murnar jiya ba ta sake ta ba. Ta ce ɗanta ya zo da sassafe zai yi mata faɗa, ta kore shi da muciya. Ta ce ko yau ta mutu ta gode Allah, ta ga wata daga inda ba wata tsohuwa a Gumel da ta taɓa ganinsa. Ta kama hannuna tana sa mini albarka.

Na zauna kusa da ita. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Inna, da kika leƙa da sauran haske. Daga can sama, ana hango garinmu? Bayan kuka, inda hanya ta lanƙwasa, me ake gani?"

Ta tsayar da carbin, ta yi tunani sosai, don ba ta son ta yi mini ƙarya da azumi a bakinta.

"Ayya, 'yar nan," ta ce. "Ni wata nake nema. Ban duba ƙasa ba."